Yadda kwamfuta ke koyon matse walƙiyar leza: tambayoyi da amsoshi

Ɗalibin fiziks a Gusau ko Aliero da ya kai ga darasin leza zai ji ana maganar walƙiyar da ba ta wuce 'yan femtosakan ba. Ga tambayoyin da batun ya fi jawowa.

Mene ne femtosakan?

Idan aka raba sakan ɗaya gida biliyan, aka sake raba kowane gida sau miliyan, kashi ɗaya shi ne femtosakan, kuma duk saurin haske, nanomita 300 kawai yake ci a cikinsa (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Da irin wannan walƙiya Ahmed Zewail ɗan Masar ya bibiyi yadda sinadarai ke haɗuwa da rabuwa, har ya sami kyautar Nobel a 1999.

Me ya sa walƙiyar ke tsawaita?

Gajeriyar walƙiya tarin launuka ce da suka iso a lokaci guda. Cikin gilashi kuwa, launukan ɓangaren ja sun fi na ɓangaren shuɗi sauri, saboda haka duk gilashin da ta ratsa sai ya ƙara miƙe ta, ƙarfinta ya ragu. Abin ya yi kama da masunta a bikin kamun kifi na Argungu: tare suke tashi idan an ba da alama, amma ba tare suke isa Matan Fada ba, kuma wanda yake so su faɗa ruwa lokaci guda dole ya ɗan riƙe masu gudun cikinsu, kowa gwargwadon saurinsa.

Ai firizim biyu, wato gilasai masu kusurwa uku da ke baza haske zuwa launuka, na yin wannan gyara?

Suna gyara babban ɓangaren jinkirin, amma ragowar karkacewar tana nan, kuma ita ce ke ɓata walƙiya mafi gajarta. Shi ya sa ake amfani da na'urar siffanta walƙiya, wadda kwamfuta ke saitawa.

To, yaya na'urar siffanta walƙiya take aiki?

Faranti mai siraran layuka yana baza launukan, gilashin tattara haske ya jera su gefe da gefe, sannan su ratsa allon kiristal mai ruwa-ruwa, dangin na fuskar kwamfuta, wanda aka kasa gida-gida, misali 128 ko 640. Wutar da aka ba kowane gida ita ce ke ƙayyade jinkirin launin da ya bi ta cikinsa, daga nan a sake harhaɗa su. Andrew Weiner da abokan aikinsa a kamfanin bincike na Bellcore da ke Amurka ne suka inganta wannan tsari daga ƙarshen shekarun 1980. Wasu kan yi amfani da madubi mai lanƙwasuwa a madadin allon.

Ta ina kwamfuta ke sanin ta dace?

Nan ne hikimar take, domin ba sai an san abin da ya ɓata walƙiyar ba. Ana tura ta cikin kiristal irin BBO, wanda ke mai da haske mai tsawon zango na nanomita 800 zuwa shuɗi mai nanomita 400, kuma shuɗin yana ƙaruwa ne gwargwadon gajartar walƙiyar. Kwamfuta ta gwada saiti da dama, ta auna shuɗin kowane, ta riƙe waɗanda suka fi, ta cakuɗa su da 'yan sauye-sauye, ta sake gwadawa har ƙaruwar ta tsaya. Judson da Rabitz ne suka kawo shawarar wannan koyo ta gwaji a 1992, don sarrafa sinadarai; a 1997 rukunin Silberberg a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila da rukunin Gerber a Jamus suka nuna ana iya matse walƙiya da shi.

Shin za a dogara da sakamakon ido rufe?

A ganina, a'a. Yawan shuɗi yana nuna an samu ci gaba, amma ba ya bayyana siffar walƙiyar, kuma idan ƙarfin lezar kanta yana hawa da sauka, kwamfuta na iya ɗaukar hakan a matsayin nasara. Na'urar ma ba ta ƙirƙirar sababbin launuka, don haka faɗin launukan da aka fara da su ne ke yanke iyakar gajartar. Mai aiki da hankali yakan tabbatar da abin da ya samu ta hanyoyin auna siffar walƙiya irin waɗanda ake kira FROG ko SPIDER, kuma a daidai wurin da hasken zai yi aiki, misali bayan gilashin madubin likita, ba a bakin lezar ba.