Daga rana zuwa damisa: yadda kuzari ke tafiya a kurmi

A nan Sakkwato ruwan shekara bai cika wuce milimita 700 ba, shi ya sa ɗalibaina kan zaro ido in na ce kurmin Kuros Riba, Kwango ko Amazon na samun sama da 2,000. Ga abin da suka fi tambayata.

Malam, daga ina kuzarin ke fitowa?

Daga rana. Ganye kan kama haskenta, ya haɗa ruwa da iskar kabon, ya yi sukari. Manyan itatuwa sun rufe sama ruf, hasken da ke kaiwa ƙasa bai wuce kashi 2 cikin 100 ba. Don haka can sama kasuwar take ci: birai, jemagu da tsuntsaye na rububin 'ya'yan ɓaure.

Abinci ya yi yawa haka, me ya hana damisa yawa?

A kowane hawa, daga abin da aka ci zuwa wanda ya ci shi, sai an yi asara. Biri ya ci ɓaure, amma yawancin kuzarin ya tafi a tsalle, numfashi da ɗumin jiki. Kusan kashi 10 cikin 100 kawai ke zama naman da damisa za ta samu. Tun aikin masanin muhalli Raymond Lindeman na 1942 ake koyar da wannan ƙiyasi, kodayake ba awon tiya ba ne, yakan hau, yakan sauka. Ku dubi makiyayi: eka nawa na ciyawa garkensa ke lashewa kafin a sami sa ɗaya na layya?

Ganyen da ba a ci ba fa?

Ai shi ya fi yawa, kuma nan littattafanmu ke yi wa gara rashin adalci. Gara, tana, naman gwari da bakteriya su ke cinye abin da ya faɗo. Da zafi da laima, ganye kan ruɓe cikin 'yan watanni, saiwoyi su zuƙe sinadaran nan take. Ƙasar kanta ba ta da wani ƙarfi, in aka sare kurmin, gonar kan gaji bayan 'yan shekaru.

Kenan kuzarin ya koma wa itace?

A'a, nan ake faɗuwa jarrabawa. Ku tuna murhun gidanku: toka kan koma gona, zafin wuta kuwa ya tafi ke nan. Sinadarai ke zagayawa, kuzari sai rana ta kawo sabo kullum. Wani sinadarin ma daga nesa yake zuwa. Ƙurar kwarin Bodele na Chadi, irin hazon da ke busar mana da leɓe da hunturu, takan tsallaka Tekun Atlantika ta kai wa Amazon fosfaras, sinadarin da ke ciyar da tsirrai.