Ragar Wayar Jita Ba Gefe Ɗaya Ake Haɗa Ta Ba

Wasu masu haɗa wayar jita da kansu, wato wayar da ke kai sauti daga jita zuwa amfilifaya (na'urar ƙara sauti), sun daɗe suna cewa ragar tagullar da ke kewaye da waya gefe ɗaya ake liƙa ta da dalma, wai don kada sauti ya yi ƙugi. A wayar da aka saba, mai fulogin milimita 6.35, wannan kuskure ne. Zare ɗaya ne a tsakiya, yana zuwa tsinin fulogi. Ragar kuwa ita ce hanyar da lantarki ke bi ya dawo. Ka bar ta a sake, ƙugin ma sai ya fi na da.

Dabarar gefe ɗaya ta waya mai zare biyu cikin raga ce. Can zare na biyu ke ɗaukar dawowar, sai a haɗa ragar ta ɓangaren amfilifaya kaɗai.