Hukuncin Kiɗa da Waƙa a Musulunci

Kiɗa da waƙa suna cikin mas'alolin da malaman Musulunci suka daɗe suna saɓani a kansu, kuma tushen saɓanin shi ne babu wata aya da ta ambaci kiɗa da sunansa ƙarara. Masu haramtawa suna kafa hujja da aya ta 6 a Suratu Luƙman, inda Abdullahi ɗan Mas'ud ya fassara kalmar "lahwal hadisi" (zancen da ke shagaltarwa) da ke cikin ayar da waƙa, da kuma hadisin Bukhari game da waɗanda za su halatta zina da alharini da giya da kayan kiɗa. A kan haka mafi yawan malaman mazhabobi huɗu suka hana kayan tsirkiya da na busa, suka yi sassauci ga duffu (ganga mai fuska ɗaya irin bandiri) a ranar aure da ranar idi.

A ɓangaren masu sassautawa, Ibnu Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya ce isnadin wancan hadisin, wato jerin waɗanda suka ruwaito shi, yankakke ne, ko da yake malaman hadisi da dama sun yi masa raddi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, shi ya fi zurfafa bincike. A littafinsa Ihya'u Ulumiddin ya nuna cewa hukuncin yana bin halin mai sauraro da abin da waƙar ta ƙunsa da wurin da ake yin ta, ya kuma kawo hadisin Nana A'isha na 'yan mata biyu masu waƙa ranar idi, waɗanda Annabi (SAW) ya hana Abubakar tsawata musu. Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim kuwa sun tsananta, musamman ga masu mayar da sauraron waƙa ibada. Abin lura shi ne, babu ɓangaren da ke ɗaukar rera ƙira'a ko kiran salla a matsayin waƙa.

A aikace bambancin ya fi fitowa fili. Ɗariƙar Maulawiyya a Turkiyya tana zikiri da sarewa, Cishtiyya a Indiya da Pakistan tana da waƙoƙin begen da ake kira kawwali, Taliban kuma ta hana kiɗa a Afganistan daga 1996 zuwa 2001. A ƙasar Hausa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki kaɗe-kaɗen fada a Kitabul Farƙ, amma shi da 'yarsa Nana Asma'u sun karantar da jama'a ta hanyar rubutattun waƙoƙi. Har yau Ƙadirawan Kano suna zikiri da bandiri, abin da malaman Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, suke ɗauka bidi'a ce.