Farin beyar ɗin Girinlan ba bahago ba ne

An daɗe ana cewa farin beyar na yankin ƙanƙara bahago ne, wai da hagu yake kai farmaki. Masu faɗin haka sukan kafa hujja da tambarin Girinlan, babban tsibirin ƙanƙara da ke ƙarƙashin masarautar Danmak: beyar a tsaye kan shuɗin fage, ya ɗaga hannun hagu. Jens Rosing, wani mai zane ɗan Girinlan, shi ne ya zana shi, aka amince da shi a 1989, kuma da gangan ya bi tsohon imanin mutanen Inuit, 'yan asalin yankin, cewa beyar bahago ne. Amma ai zane ba shaida ba ne. A tambarin masarautar Danmak, hannun dama beyar ɗin ya ɗaga. Masanan da suka sa wa dabbar ido kuwa ba su ga ta fifita hagu ba, da hannu biyun take aiki.