Bayan Arba'in, Wa Ke Riƙe da Jariri?

Ranar rigakafi ce a ƙaramin asibitinmu, cikin zafin watan Afrilu, wata matashiya ta shigo da jaririnta ɗan wata biyu. Ba allura ta kawo ta ba. Kwana uku yaron yana gudawa, maɗigarsa ta faɗa, idanu sun zurma. Na tambaye ta me yake sha ban da nono. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, mi za ni yi? Sati uku da haihuwa mai kanti ya aiko, in ban dawo ba zai ɗauki wata." Tun ranar take barin yaron wurin kakarsa a unguwar Mabera, nan Sakkwato, daga takwas na safe har la'asar sakaliya. Inna kuwa, da ta ga yaro na kuka ga zafi, sai ta riƙa ba shi ruwa da ɗan koko. Ban ga laifin tsohuwa ba, abin da ke hannunta ta ba shi.

Yaron ya tashi, alhamdu lillahi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne uwar ba ta san doka ta hana mai kantin abin da ya yi ba, kuma ina kyautata zaton shi ma bai sani ba.

Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba mace mai aiki hutun haihuwa na mako 12. Shida kafin haihuwa, idan ta kawo takardar likita mai nuna cewa haihuwa ta kusa, shida kuma bayan ta sauka. Waɗannan shida na baya ba zaɓi ba ne: dokar ta hana a sa ta aiki a cikinsu, ko da ita ce ta nema. Idan ta yi wata shida ko fiye a wurin aikin, dole a biya ta aƙalla rabin albashinta tsawon hutun. Ba a yarda a ba ta takardar sallama tana cikin hutu ba, haka kuma idan hutun ya ƙaru saboda rashin lafiyar da ciki ko haihuwa ya jawo, muddin likita ya rubuta. Bayan ta koma, tana da rabin sa'a sau biyu a kowace rana don shayarwa. Wannan na ƙarshe shi ne wanda na fi jin mata suna mamakinsa idan na faɗa musu ranar awo.

Ma'aikatan gwamnatin tarayya, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, nasu ya fi haka: mako 16 da cikakken albashi, mazajen da matansu suka haihu kuma an amince musu da kwana 14 tun 2021. Jihar Legas ta kai na ma'aikatanta wata shida a 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019. Malamai da nas-nas na makarantu da asibitoci masu zaman kansu su duba takardar ɗaukarsu aiki da kyau, domin abin da aka rubuta a cikinta shi za a fara dubawa ranar da aka yi saɓani. Wadda ba a rubuta mata komai ba, ta nemi a rubuta tun ciki bai tsufa ba.

Mu nan Sakkwato ba mu buƙatar wani ya koya mana darajar jego. Arba'in muke yi wa mai jego, da wanka, da kunun kanwa, da gasasshen nama, mai cikin fari ma gidan iyayenta take zuwa goyon ciki. Mako shida na doka kwana 42 ne, kusan daidai da arba'in ɗinmu. Matsalar tana farawa daga ranar da aka gama wanka. Jikin uwa ya fara dawowa, amma jariri bai isa a raba shi da nono ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda mu ma muke koyarwa, ita ce nonon uwa zalla har wata shida, ba ruwa, ba rubutu, ba tsimi, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu, kamar yadda addini ma ya kwaɗaitar. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari kacal na jariran da ba su kai wata shida ba ne suke samun nono zalla. Tsakanin mako shida da wata shida akwai fiye da wata huɗu, kuma a cikin wannan tazarar ce ruwan randa da fida mara wanki suke shiga cikin yaro. Daga gudawa sai rama, daga rama sai tamowa. Allurar rigakafi ta mako 10 da ta mako 14 su ma suna faɗowa lokacin da uwa ta koma aiki, kuma katunan da nake gani da gurbi babu cikawa yawancinsu a nan suke tsayawa.

Alhaji mai kanti, Hajiya mai makaranta, na san ku ma kuna da magana. Wanda yake da ma'aikata biyar, ɗaya ta tafi wata uku, dole ya biya ta rabi, ya kuma nemo mai riƙe wurin. A wannan tsadar rayuwa abin da nauyi. Amma mu yi lissafi. Idan albashinta naira dubu 40 ne, rabinsa na wata uku dubu 60 ke nan. Ku auna wannan da korar wadda ta san kayanku, ta san kwastomominku, kun gwada amanarta a kan kuɗi, ku kawo sabuwa ku fara koyarwa daga farko. Ku auna shi kuma da uwar da ta dawo da wuri, jikinta na kanti hankalinta na gida, kowane mako sai ta nemi izinin kai yaro asibiti. Na ga wata mai makaranta da ta ware ƙaramin ɗaki da tabarma da fanka, malamai suna zuwa da 'yar raino, ana tashi tara su shiga su shayar. Abin da ta kashe bai taka kara ya karya ba, malamanta kuma ba sa barinta.

Akwai gyaran da ya fi ƙarfin mai kanti. Yarjejeniya mai lamba 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, ta ce hutu kada ya gaza mako 14, kuɗin kuma ya fito daga asusun inshora ko baitulmali. A tsarinmu nauyin yana kan mai ɗaukar aiki shi kaɗai, shi ya sa wasu da sun ji mace amarya ce sai su ajiye takardarta gefe. Ina ganin wannan ne ya kamata 'yan majalisarmu da ƙungiyoyin ƙwadago su sa a gaba. Kuma mata mafi yawa a jihar nan, masu tuyar masa da masu ɗinki da masu aikatau a gidaje, babu hutun da kowa zai ba su sai wanda maigida ya ɗauke musu cefane suka samu.

'Yar'uwa mai ciki, ki sanar da wurin aikinki a rubuce, ki haɗa da takardar likita, ki ajiye kwafi. Idan kina so a mayar miki da wasu makonnin kafin haihuwa zuwa bayan kin sauka, ku daidaita a rubuce, amma in ƙafa na kumbura ko an ce jininki ya hau, kada ki ja aiki har wata tara, jijjiga ba ta sallama. Idan aka kore ki saboda ciki, ki je ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiha ko ƙungiyarku, in ta ƙi ci akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Kafin ranar komawa, ki zo mu nuna miki yadda ake tatsar nono da hannu. A wanke hannu da sabulu, a tatsa a kofi mai murfi, a ajiye a wuri mafi sanyi a ɗaki. Yana kai kamar sa'a huɗu, lokacin bazara kuwa a ba da shi da wuri. A ba yaro da kofi ko cokali, ban da fida. Ki zo mana da Inna ko duk wadda za ta riƙe shi, domin ita ce za ta ji kukansa da tsakar rana, ita ya kamata ta ji daga bakinmu cewa ruwan da ke cikin nonon ya ishe shi.