Gwanjo

Gwanjo suna ne na tufafi, takalma, barguna da labulen da aka yi amfani da su a wata ƙasa, sannan aka ɗaure su cikin dila aka kawo su sayarwa a wata. Kalmar tana kuma nufin cinikin da ake yi a bainar jama'a, inda mai tayi mafi tsoka yake tafiya da kaya. A kudancin Najeriya ana ce masa okirika, a Kenya da Tanzaniya mitumba, a Zambiya salaula. Mutanen Ghana kuwa suna kiransa obroni wawu, wato "Bature ya mutu", domin da farko ba su ga dalilin da zai sa mai rai ya rabu da riga mai kyau haka ba. Ana ƙiyasta cinikin gwanjo tsakanin ƙasashe da kusan dala biliyan 5 a shekara, kuma Amurka, Sin, Birtaniya da Jamus suna cikin manyan masu fitar da shi.

Tarihi

Ana kyautata zaton cewa gwanjo ya fara shigowa Najeriya da yawa ne a wajejen shekarun 1950, kuma an ce daga garin Okrika na jihar Ribas ta yau aka samo sunan da ake kiransa da shi a kudu. 'Yan kasuwar Ibo, musamman mutanen Abiriba, su suka yi fice a wannan fatauci. Da gwamnati ta haramta shigo da shi a shekarun 1970, da yawansu sun koma Kwatano da Lome suna sauke kaya a can, daga nan a bi da shi ta ɓarauniyar hanya, wani ta Legas, wani ta Jamhuriyar Nijar zuwa Katsina da Kano. Haramcin yana nan a rubuce, kayan kuma suna nan a kasuwa.

Bunƙasar gaske ta zo ne a shekarun 1980 da 1990. Tsare-tsaren tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni sun sa ƙasashen Afirka da dama sun rage harajin shigo da kaya, darajar kuɗinsu ta faɗi, ma'aikacin da a da yake ɗinka wa iyalinsa sabo ya koma lalube a tarin tsofaffi. Najeriya ta shiga irin wannan tsari a 1986. A ɗaya ɓangaren kuma, tufafi sun yi ta araha a Turai da Amurka saboda an mayar da ɗinkinsu Asiya, inda ladan ma'aikaci bai taka kara ya karya ba. Shigar Sin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, da ƙarewar yarjejeniyar ƙayyade yawan tufafin da ƙasashe masu tasowa za su iya sayarwa a farkon 2005, sun ƙara buɗe ƙofar. Yawan saye ya haifar da yawan zubarwa.

Hanyar da riga ke bi

Yawancin kayan sadaka ne a asali. Mutum a Landan ko Chicago zai kai tsofaffin kayansa ga ƙungiyar agaji irin su Oxfam ko Salvation Army. Kaɗan ne daga ciki ake sayarwa a shagunansu. Sauran ana sayar wa kamfanoni da awo. Su kuma su tantance, ko dai a gida ko a wurare irin su Pakistan, Poland da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, su matse da inji, su ɗaure da ƙarfe. Dila ɗaya takan kai kilo 45 zuwa 55.

Ƙaramin ɗan kasuwa yana sayen dilar a rufe, bai san abin da ke ciki ba sai ranar da ya fasa ta. Da an yanke ɗaurin, masu zaɓe za su rufe shi, kowa yana ɗaga riga yana duban wuya da hammata, ana ware na ɗaya, na biyu, har a zo kan wanda ya yage ko ya yi tabo. Idan na ɗaya ya yi yawa, ɗan kasuwar ya ci riba. Idan dilar ta zo da tarkace, bashin da ya ci yana wuyansa, kuma ba wanda zai mayar wa kaya a Turai. Duk wanda ke gabansa a wannan sarƙa ya riga ya karɓi kuɗinsa.

A arewacin Najeriya an san Ƙofar Wambai a Kano da Kasuwar Barci a Kaduna da wannan sana'a. Da yake manya sun fi sa kaftani da atamfa, abin da ya fi tafiya shi ne kayan yara, barguna da rigunan sanyi idan hunturu ya kama.

Kantamanto

Kasuwar Kantamanto da ke Accra, babban birnin Ghana, tana cikin kasuwannin gwanjo mafi girma a duniya. Gidauniyar Or, wata ƙungiya mai zaman kanta da ke aiki a kasuwar, ta ƙiyasta cewa tufafi miliyan 15 ke shiga cikinta kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari suna ƙarewa a shara. Ƙungiyar dillalan gwanjo ta Ghana ta musanta, ta ce adadin bai kai haka ba ko kusa. Abin da ba a musu a kai shi ne tsummokaran da ke toshe magudanan ruwa, suna nannaɗe a bakin teku. Masu ɗaukar diloli a ka mata ne, galibi daga arewacin Ghana, ana ce musu kayayei, kalmar da ta haɗa "kaya" na Hausa da kalmar harshen Ga mai nufin mata. Nauyin yana lahanta musu wuya da gadon baya. Teloli da masu rini da yawa suna rayuwa da gyaran abin da aka ƙi saye. Gobara ta cinye babban ɓangare na kasuwar a farkon Janairun 2025.

Muhawara kan masaƙu

Wani binciken masanin tattalin arziki Garth Frazer na 2008 ya ɗora wa gwanjo kusan kashi 40 cikin ɗari na raguwar ɗinkin tufafi a masana'antun Afirka tsakanin 1981 da 2000. Wasu sun fi ɗora laifin a kan sabbin kayan Sin masu araha, fasa-ƙwauri da rashin wutar lantarki. Cikin masaƙun da suka durƙushe a Najeriya akwai Kaduna Textiles, wadda aka kafa a 1957, ta rufe a 2002.

Rikicin Ruwanda da Amurka

A 2016 ƙasashen Ƙungiyar Gabashin Afirka sun amince su hana shigo da gwanjo nan da 2019 domin raya masaƙunsu. Ƙungiyar masu fitar da gwanjo ta Amurka ta kai ƙara ga gwamnatinta a 2017, tana cewa matakin ya saɓa wa sharuɗɗan AGOA, dokar Amurka ta shekarar 2000 da ta ba kayan Afirka damar shiga Amurka ba haraji. Kenya ta janye, Tanzaniya da Uganda suka bi baya. Ruwanda, wadda ta ɗaga haraji daga santi 20 zuwa dala 2.50 a kan kowane kilo, ta ƙi sauka, sai Amurka ta dakatar da rangwamen da take yi wa tufafinta a Yulin 2018.