Gawo a Gona: Abin da Itace ke Yi wa Ƙasa

Duk manomin da ya taɓa shuka gero a ƙarƙashin gawo ya san zangarniyar wurin ta fi ta tsakiyar fili kauri, kuma dalilin yana cikin ƙasar gindin itacen. Itace yana zuƙar iskar kabon ta ganyensa ya gina jikinsa da ita, har kusan rabin nauyin busasshen ice kabon ne. Idan ganye ya zuba, ƙananan saiwoyi suka mutu, gara da ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani sukan ruɓar da su, su zama baƙar ƙasar nan da ke sa jigawa ta riƙe laima da taki.

Gawo ya yi fice domin saiwoyinsa suna zama tare da wasu ƙwayoyin bakteriya masu kamo naitirojin daga iska, wato sinadarin da muke saye a buhun yuriya. Yana kaɗe ganyensa da damina, saboda haka inuwarsa ba ta danne shuka, da rani kuma dabbobi su taru suna cin 'ya'yansa, su bar kashinsu a wurin.

Sai dai, 'yan'uwana manoma, ba kowane itace ne ya dace da tsakiyar gona ba. Misali, ganyen itacen turare yana da kabon mai yawa da naitirojin kaɗan, yana jinkirin ruɓewa, kuma ƙwayoyin da ke ruɓar da shi sukan janye naitirojin ɗin da amfanin gona yake bukata, ga itacen da shan ruwa. A ware masa fili daban. Haka nan itace ba ya ƙirƙirar fosforas, wato wani sinadarin takin da shuka ke bukata, yana dai jawo wanda ke can ƙasa ya zubo shi sama, don haka takin gargajiya yana nan da muhimmancinsa.

Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa shi ne sassabin zamani, wanda ya fara yaɗuwa a yankin Maraɗi tun 1983, inda manoma suka riƙa rainon tohon kututture, har itatuwa suka dawo a kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ƙasa tana ɗaukar shekaru kafin kabon ya taru a cikinta, wuta kuwa tana cinye ganyen shekara guda cikin yini ɗaya. Idan lokacin sharar gona ya zo, ina roƙonku kada ku ƙone ganye, kuma ku bar rassa biyu ko uku masu ƙarfi a kan kowane kututturen gawo, kalgo da sabara.